Ina Darajar Takarda Ta Ke?

Jama'a, ga wata tambaya da na daɗe ina juyawa a zuciyata. A ce an shimfiɗa maka takardu biyu bisa tebur. Girmansu ɗaya, zanen da ke kansu ɗaya, baƙin tawadarsu ɗaya, har in ka kau da kai aka musanya su ba za ka gane ba. Sai wani masani ya zo, ya ɗaga ta farko wajen haske, ya duba, ya ce kuɗin wannan ya isa a sayi gida. Ya ɗaga ta biyu, ya ce wannan kuwa ba ta kai kuɗin firam ɗin da aka sa ta ciki ba. To, ina darajar ta farkon nan ta ɓuya? Ido dai ya ce ɗaya su ke, ma'auni ma haka zai ce. Duk da haka masanin ba wasa ya ke yi ba, kuma masu kuɗi za su bi maganarsa su biya.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Haka a ke yi har yau a kasuwannin Turai da Amurka game da waɗansu hotuna da aka buga a Faris, babban birnin Faransa, tsakanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu. Kafin mu shiga tambayar, sai mu san ko su wane ne suka yi su, da yadda aka yi su, gama wanda bai san yadda a ke saƙa ba, ba ya iya yi wa zane kuɗi.

A shekarar 1924 wani marubuci Bafaranshe, Andre Breton, ya fitar da takardar bayyana manufar wata ƙungiya ta marubuta da masu zane, wadda a ke kira 'yan Suriyalis. Ma'anar sunan ita ce abin da ya zarce zahiri. Shi Breton ya yi aiki a asibitin soja lokacin yaƙi, ya ga samari waɗanda tsoro ya taɓa musu hankali. Shi da abokansa suka ce, in dai wayon manya ne ya kai duniya ga wannan kisa, to, bari a saurari mafarki a ji abin da zai faɗa. Saboda haka zanensu kamar mafarki ya ke: mutum da kan sa, ƙashi yana tafiya, ido a inda ba a sa ido. Ni kaina da na fara ganinsu cikin littafi sai da na yi a'uzubillahi. Hukuncin yin sura kuwa na malamai ne, ban sa baki ba. Abin da ya ja ni ga zancen nan shi ne batun gaskiya da amana, wanda ya shafi kowa.

Ga yadda a ke bugun jan ƙarfe. A kan sami faranti na jan ƙarfe mai sumul, a shafe fuskarsa da wani irin kaki mai duhu. Mai zane ya ɗauki allura ya yi ta zane bisa kakin, duk inda allura ta bi sai ƙarfe ya bayyana. Sa'an nan a tsoma farantin cikin ruwa mai cin ƙarfe, watau asid. Ruwan ba ya iya ratsa kaki, sai ya ci inda allura ta buɗe kaɗai, ya haƙa ƙananan kwaruruka. In an daɗe ba a tsamo ba ramin ya yi zurfi, layin ya fito baƙi ƙirin. In an tsamo da wuri ya fito siriri. Bayan haka a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge fuskar farantin da ƙyalle da tafin hannu har ta yi fes, tawada ta saura cikin ramuka kawai. Sai a ɗora takarda mai ɗan danshi, a rufe da bargon ulu, a murɗa su tsakanin ƙarafa biyu masu nauyi. Matsin nan ya kan tura takardar cikin ramukan ta kwaso tawada. Kowace takarda ɗaya sai an sake shafa tawada, an sake gogewa, an sake murɗawa. Akwai kuma wanda ba ya amfani da asid, sai ya karce ƙarfen kai tsaye da tsini, ƙarfen ya tashi gefen layi kamar yadda ƙasa ke tashi gefen kunya. Wannan tashin shi ke riƙe tawada ya ba layin laushi, amma ba ya jure matsi, bayan 'yan bugu kaɗan sai ya kwanta.

Ka ga ke nan faranti yana tsufa. Bugun farko ya fi na baya kyau. Ka kuma ga babbar ƙofar zamba, gama muddin farantin yana nan, kowa ya same shi zai iya bugawa, ko mai zanen yana so ko ba ya so, ko yana raye ko ya mutu. Don haka aka ɗora al'ada: mai zane ya yanke adadin da za a buga, ya rubuta lamba da fensir ƙarƙashin kowane hoto, kamar 12/30, watau na goma sha biyu cikin talatin, ya sa hannu. In an gama a kan karce farantin da layuka a giciye, ko a huda shi, don a san an rufe. Lambar nan ƙarama, wadda ba ta kai faɗin farce ba, alkawari ce. Cewa ta ke yi, "Talatin na yi, ba zan ƙara ba."

Su 'yan Suriyalis ba su yi irin wannan bugu da yawa ba a farkon al'amarinsu, kuma galibi don littattafan waƙoƙin abokansu suka yi. Andre Masson ya yi hotuna huɗu cikin littafin wani abokinsa mawaƙi, Georges Limbour, a 1924. Wani Bature ɗan Ingila, Stanley William Hayter, wanda ya karanta ilmin haɗa magunguna har ya yi aikin man fetur a Abadan ta ƙasar Farisa, ya buɗe ɗakin koyon bugu a Faris a 1927. A 1933 ya koma wani gida mai lamba 17, lambar ta zama sunan ɗakin. Nan su Joan Miro da Max Ernst da Yves Tanguy suka riƙa zuwa suna gwada hannunsu, har yaƙi ya sa Hayter ya ƙaura zuwa Niyok a 1940. Shi Miro, a 1938, sa'ad da ƙasarsu Sifen ke cikin yaƙin basasa, ya yi hotuna takwas masu baƙi da ja daga faranti biyu kaɗai, yana juya su yana ɗora ɗaya bisa ɗaya, aka buga talatin talatin. Talatin a duniya duka! Yau kuwa gidajen ajiye kayan tarihi da attajirai masu nemansu sun fi haka nesa ba kusa ba. Inda masu nema suka yi yawa, abin nema ya yi kaɗan, lalle maƙaryaci zai kafa rumfa.

To, me masani ke dubawa? Da fari ya duba gefen hoton, inda bakin faranti ya dulmiya cikin takarda ya bar shata mai kusurwa huɗu. Ya auna shatar da ma'auni, ya gwada da abin da ke rubuce cikin manyan littattafan da masana suka tattara aikin kowane mai zane. Amma shata kaɗai ba ta isa ba, don ɓarawo na iya danna farantin banza bisa hoton inji ya yi masa shatar ƙarya. Sai ya ɗauki gilashi mai ƙara girma, ya haska fitila daga gefe. In bugun jan ƙarfe ne, tawada tana tsaye bisa takarda kamar ƙaramin tudu. In hoton inji ne, sau da yawa layin ya kan farfashe ya zama ɗigo-ɗigo, kamar hotunan jarida. Ya duba sa hannun, ko fensir ya tafi sumul kamar na mai rubuta sunansa, ko ya riƙa tsayawa kamar na mai kwaikwayo. Ya duba bayan takardar, ko akwai hatimin waɗanda suka taɓa mallakarta.

Daga nan ya ɗaga takardar wajen haske. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ke da tsohon kundin kakanni a gida, ya zaro warƙa ɗaya ya ɗaga ta wajen rana, mai yiwuwa ne ya ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masu yin takarda ne na arewacin Italiya, wadda fatake suka riƙa ƙetarowa da ita ta hamada, ta hanyar Tarabulus da Masar. Masu binciken littattafanmu na dā da irin wannan tambari su ke kintatar zamanin rubutu. Haka takardun Faransa masu kyau, irin su Arches da Rives, su ke da nasu tambari, kuma tambarin ya kan sake kama bisa ga zamani. Takarda ba ta iya magana, amma ba ta iya ƙarya game da shekarunta.

Abu na ƙarshe shi ne salsala: wa ya saya daga hannun mai bugawa, wa ya gada, a wane gwanjo aka sayar, wa ya saya. Mu da muka zauna gaban malam mun san wannan. Ba a karɓar karatu sai an ji daga wa aka ɗauko, shi kuma daga wa. In an sami giɓi cikin salsala, zuciya ba ta kwanciya.

Lura da kyau, duk abin nan da masani ke yi, ba kyan hoto ya ke aunawa ba. Shaidu ya ke tarawa, kamar alƙali. Shata shaida ce, tawada shaida ce, tambari shaida ne, sa hannu shi ne babban shaida. To, yaya ke nan in babban shaidan ya sayar da bakinsa?

Wannan ya kawo mu ga Salvador Dali, mutumin Sifen, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1989, wanda ya fi dukansu suna. Yana saurayi gwani ne na gaske. Da girma ya zo, suna ya yi yawa, sai 'yan kasuwa suka kewaye shi, ya shiga sa hannu bisa fararen takardu waɗanda ba a buga kome a kansu ba, ana biyansa kowane sa hannu. A tsakiyar shekarun 1970 ma'aikatan kwastan na Faransa suka tare wata babbar mota a kan iyakar Andora, suka tarar da fararen takardu 40,000, kowace da sa hannunsa. Duk abin da aka ga dama aka buga bisa irin wannan takarda, ya zama na Dali. Da maƙaryata suka ga haka, sai suka ce ai ba sai sun wahala neman sa hannunsa na gaskiya ba, suka shiga kwaikwayo.

Nan zan ɗan ratse, gama aikin ofis na ke yi, abin ya taɓa ni. A wani ofis da na taɓa zama, akwai wani babba, mutumin kirki, wanda in zai tafi rangadi ya kan sa hannu bisa takardun biyan kuɗi guda biyar ko shida ba a cika su ba, ya bar mana, wai don kada aiki ya tsaya. Bai ci ko anini ba. Amma ran da masu binciken lissafi suka sami guda ɗaya an cika ta da kuɗin aikin da ba a yi ba, ba ita kaɗai aka tuhuma ba. Duk takardar da ya sa wa hannu cikin shekara uku sai da aka zazzage aka sake dubawa, har da ɗaruruwan da ba su da laifin kome. Na kwana uku ina jera su. A nan na gane cewa mai sa hannu bisa farar takarda ya yi rantsuwa ne tun bai ji ƙara ba, kuma rantsuwar nan ta kan koma baya ta ɓata waɗanda ya yi bisa gaskiya.

Haka ya faru ga Dali. Galibin jabun ba na aikin samartakarsa ba ne, na shekarun baya ne, yawancinsu kuma bugun dutse ne. Amma zargi ba ya zaɓe, ya shafi sunansa duka. Abin mamaki, takarda ce ta tona asiri. A 1980 masu yin Arches da Rives suka ƙara wata 'yar alama cikin tambarinsu, mai kama da lamba 8 a kwance. A shekarar nan kuwa hannun Dali ya riga ya kama rawa don ciwo, ya bar sa hannu bisa hotunan bugu. Saboda haka in ka ɗaga takarda ka ga 8 a kwance, ga kuma sunan Dali da fensir, ka san da walakin. A 1990 kotu a Honolulu, cikin ƙasar Amurka, ta kama shugabannin wani babban kantin hotuna da laifin zamba, bayan sun sayar wa masu yawon buɗe ido irin waɗannan takardu na kuɗi masu ɗimbin yawa. Yawancin waɗanda aka cuta ba attajirai ba ne. Talakawa ne masu albashi, waɗanda aka ce musu ajiya ce mai riba don tsufansu.

Wannan shari'a mai sauƙi ce, ƙarya ce tsagwaronta. Ga wadda ta fi wuya. A 1934 wani mai buga littattafai, Albert Skira, ya fitar da wani littafi mai suna Waƙoƙin Maldoror, na wani saurayi da ya mutu tun 1870, da hotuna 42 na Dali. Ana lissafa shi cikin manyan ayyukan 'yan Suriyalis. Rashin kuɗi ya hana a buga adadin da aka yi niyya. Farantan suka saura, wani mai buga hotuna, Pierre Argillet, ya same su, aka sake bugawa a 1974. Ga bugu biyu ke nan daga faranti ɗaya, shekara arba'in tsakaninsu, kowane da kuɗinsa dabam. Ba a nan ta tsaya ba. A 1992 wani masani a Janeba, Rainer Michael Mason, ya bayyana bincikensa, ya nuna cewa zane dai na Dali ne, amma an mai da shi bisa faranti ne ta hanyar haske, irin ta ɗaukar hoto, gwanayen ɗakin bugu suka yi aikin ƙarfen. Watau abin da aka daɗe ana yabo cewa allurar Dali ce ta karce, ashe hannu fiye da ɗaya ne.

To, jabu ne? Ni dai ban ce ba. Zanensa ne, da saninsa aka buga, a zamaninsa, ya kuwa sa hannu bisa littafin. Mai babbar riga ba ya ce an cuce shi don wani ya zana aska takwas, wani dabam ya ɗinka. Kowa ya san haka sana'ar ta ke. Cuta ta kan shigo ne ran da dillali ya san hannu biyu ne, ya ce wa mai saye hannu ɗaya ne. Kafin 1992 wanda ya faɗi haka kuskure ya yi. Bayan 1992 masanin da ya faɗi haka ƙarya ya yi, ko da ya ke hoton bai sake ko ɗigo ɗaya ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa abin da a ke saye da kuɗin nan masu yawa, labarin takardar ne: wa ya yi ta, yaushe, da wane hannu, guda nawa.

Wani zai ce, "Malam, ka cika tsanani. Mutum ya sayi hoto, ya rataya a ɗakinsa, yana kallo yana jin daɗi shekara ashirin. Don me masani zai zo ya ɓata masa rai? In bai sani ba, me ya rage shi?" Maganar nan tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Jin daɗin da ya yi na gaske ne, ba mai ƙwace masa. Har ma an yi abin da ya goyi bayan mai wannan magana: waɗansu daga cikin jabun da hukumar Amurka ta kama, an yi gwanjonsu daga baya, an buga musu hatimi a baya cewa ba na gaskiya ba ne, mutane suka saya da araha da saninsu. Ba wanda aka zalunta a cinikin nan. Amma ka duba, abin da ya halatta shi hatimin ne. Shi kuwa mai rataye da hoton da bai san jabu ba ne, ba zai dawwama ba. Ran da ya kwanta dama, za a zo rabon gado, a sa wa hoton kuɗin gida, a ba ɗa ɗaya gona, a ba ɗaya takarda. Ko kuwa matarsa ta kai kasuwa ran da ta matsu, ta sayar wa wani, ta zama mai cuta ba da saninta ba. Ƙaryar da aka bari don tausayi ba ta zama wuri ɗaya, gaba ta ke ci, ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Shari'armu ta hana ɓoye aibin haja, na kuwa tabbata ba don ƙin jin daɗin kowa ba ne.

Akwai kuma jarrabawar da ke kan masanin kansa. In shi ne mai saye, ransa zai so ya rage. In lada ya ke samu bisa yawan kuɗin, ransa zai so ya ƙara. Don haka masu mutunci cikin wannan sana'a ba su karɓar lada bisa kashi na kuɗin da suka faɗa, sai bisa wahalar aikinsu, kuma ba su saye abin da aka kawo musu su yi wa kuɗi. Kura ba ta zama alƙalin awaki. Magana uku ce ta fi yi wa masani nauyi a baki: "na gaskiya ne, amma ya lalace", da "ba nasa ba ne", da kuma "a kai wa wanda ya fi ni". Ta ukun nan ita ta fi ɗaci ga mai girman kai.

Yanzu sai batun ajiya, gama mai ajiya ma shaida ne. Takardun nan sun kusa shekara ɗari. An yi su da tsumman auduga da makamantansa, suna da ƙarko ƙwarai, amma suna da abokan gaba. Na farko haske. Baƙar tawada tana jurewa, amma takarda ta kan yi ja, launi kuma ya koɗe, abin da haske ya ci kuwa ba ya dawowa. Shi ya sa gidajen tarihi ba su wuce awo 50 na ma'aunin hasken da a ke kira lukus, watau dishi-dishi, su nuna hoto 'yan watanni, su mai da shi cikin akwati ya huta shekaru. Na biyu laima. Sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100. In ya haura kashi 65 ya daɗe, funfuna ta tashi, jajayen ɗige-ɗige su fito. In iska ta bushe ƙwarai kuma takarda ta yi ƙamas. Sauyi da sauri tsakanin biyun shi ya fi ɓarna. Duk wanda ya ga yadda littafi ke kumbura da damina ya ƙanƙance da hunturu ya san haka. Sai asu da kyankyaso da gara, waɗanda ba sai na gabatar da su ba.

Amma babban abokin gaba shi ne mai ƙauna marar sani. Shi ne zai manna hoton da salatif, bayan shekaru gam ɗin ya narke ya ratsa takarda ya bar tabo kamar na mai. Shi ne zai ɗora shi bisa kwalin banza, kwalin ya ƙona gefen hoton ya yi masa jan zobe. Shi ne zai bar gilashi ya taɓa fuskar tawada. Masu sani su kan sa kwalin auduga marar asid, su rataya hoton daga sama kaɗai da 'yan guntayen takardar Japan da kokon sitacin alkama, don ran da a ke so a cire, ɗan danshi ya isa. Ƙa'idarsu ita ce kada ka yi wa takarda abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. A ajiye ta kwance cikin akwati, a ɗauke ta da hannu biyu wankakku, alƙalamin tawada kada ya kusance ta.

Ga kuma inda ajiya ke komawa ƙarya. Takarda ta tsufa ta yi ja, gefenta ya ɗan yage. Mai ita yana so ya sayar, sai ya sa a wanke ta da magani mai ƙarfi har ta yi fari fat, a danne ta har shatar faranti ta kwanta, a datse gefen da almakashi ya miƙe. Ta yi kyau ga ido. Amma an kashe shaidu uku ke nan: launin shekarunta, da shatarta, da gefenta inda watakila tambari ya ke. Kamar mai rina furfurar tsohon doki ne kafin ranar kasuwa. Ban ce kada a yi gyara ba; funfuna in an bar ta cinye takardar za ta yi. Gyaran kirki shi ne wanda ya tsaya inda larura ta tsaya, aka kuma rubuta shi aka faɗa wa mai saye.

Mafi muni a ganina shi ne farke littafi. Na faɗa a baya cewa yawancin hotunan nan cikin littattafai aka haife su. Dillali ya lissafa, ya ga littafi ɗaya kuɗinsa kaza, amma in ya ɓalle hotunan ya sayar ɗai-ɗai zai sami fiye. Sai ya farke. Lambar bugu da sa hannun mai zane kuwa galibi a shafi ɗaya su ke. Hotuna arba'in su watsu duniya marayu, ba mai shaidarsu, har wani ya ga ya kamata ya taimake su da sa hannun fensir na ƙarya.

Mai littafin zai ce, "Da kuɗina na saya, in na so in ƙone." Bisa doka, a mafi yawan ƙasashe, gaskiyarsa. Amma ka tuna da wata 'yar jaka ta hotuna bakwai da aka buga a Faris a 1938, mai suna Solidarite, watau haɗin kai. Picasso da Miro da Tanguy da Masson da Hayter da waɗansu biyu suka yi, tare da waƙar Paul Eluard, aka sayar don taimakon yaran da yaƙin Sifen ya tagayyara. Bakwai ɗin nan a haɗe labari su ke ba da na mutane bakwai da suka haɗa hannu don marayu. In an raba su, kowane ya koma hoto kawai mai kuɗi kaza. Wanda ke riƙe da irin wannan jaka yau, duk waɗanda suka yi ta sun riga sun mutu, ita kuwa in an kula za ta wuce jikokinsa. Shekara ashirin ko talatin za ta yi a hannunsa ta wuce gaba, kamar baƙon da ya sauka a zaure. Kuɗi ya ba shi ikon sayarwa da ikon hanawa. Ban ga inda ya ba shi ikon yanke wa baƙo harshe ba.

Saboda haka a gidajen tarihi kowane hoto yana da tasa takardar bayani, dabam da shi, a cikin fayil. A kan rubuta girman shata da na takarda, da irin tambari, da wanda aka saya daga gare shi, da ranar da aka fitar da shi haske da ranar da aka mai da shi. In an yi gyara a rubuta wurin, da abin da aka yi amfani da shi, da sunan mai gyaran. In wani masani ya yi shakka, a rubuta shakkarsa, ko da za ta rage kuɗin abin. Wanda ya zo bayan shekara hamsin ya buɗe fayil ɗin, ya ƙara nasa layi a ƙarƙashi, ya sa kwanan wata, sa'an nan ya sa hannu.